Ɗakin Tabarma Shida

Kafinta ne ni. A kasuwar Katako na koyi aiki, nan cikin Jos, tun ina yaron shago mai kwashe garin zarto da miƙa wa maigida ƙusa, har Allah ya sa na buɗe nawa wurin. Fiye da rabin abincin gidana daga kayan ɗakin amare yake fitowa: gado, wadirob, madubi, kujeru, da sho-gilas na jera tangaran. In lokacin bukukuwa ya kama, bayan Sallah ko ƙarshen shekara, iyalina ba sa ganina sai dare ya raba. Na fara da wannan ne don a san cewa duk abin da zan faɗa a kan kayan ɗaki, wanda yake ci da su ne ya faɗa.

'Yata ta tsakiya ce ta jawo maganar. Ta ga wani bidiyo a wayar mahaifiyarta, hannayen wani mutum kawai ake gani, yana haɗa ɗan ƙaramin gida irin na mutanen Japan, da ƙofofinsa na takarda da ɗan lambu a gefe, duka bai wuce a ɗora a kan tire ba. Ta kawo mini wayar ta ce, "Baba, ai kai ma za ka iya wannan." Duk wanda ya haifi 'ya mace ya san irin wannan magana ba ta da amsa sai to.

Uwargida ta yi dariya da ta ji. "Malam, da furfurarka za ka koma wasan 'yar tsana?" Na ce mata ai ban taɓa bari ba, kayan wasan ne kawai suka ƙara girma. Mu da muka tashi a Gangare mun yi motar kara da motar langalanga, 'yan mata suna gefe suna tuwon ƙasa suna ɗaura wa 'yar tsana zane. Da na tuntuɓi malamin unguwarmu a kan batun siffofi, ya tuna mini cewa Bukhari da Muslim sun ruwaito Nana A'isha tana wasa da 'yan tsana a gidan Manzon Allah (SAW), kuma malamai da dama sun sassauta a kan kayan wasan yara. Ni ma dai gida aka ce in gina.

Abu na farko da aikin ya nema shi ne ma'auni. Masu wannan sana'a a duniya sun fi aiki da ɗaya bisa sha biyu, wato kowace ƙafa ɗaya ta gidan gaske ta koma inci ɗaya. Da wannan ma'auni aka gina gidan 'yan tsanar Sarauniya Mary da ke fadar Windsor a Ingila, wanda aka kammala a 1924. A wurin kafinta lissafin ba wuya, tunda tef ɗinmu da inci da ƙafa yake magana: ƙofa mai ƙafa 7 ta zama inci 7, shi ke nan. Sai dai Japanawa ba da ƙafa suke faɗin girman ɗaki ba, da tabarma suke faɗa. Tabarmarsu, tatami, mai kauri ce, an saƙa fuskarta da wata ciyawar fadama, an bi gefenta da ƙyalle, girmanta kusan ƙafa 3 da ƙafa 6, daidai kwanciyar mutum ɗaya. Sai ka ji an ce ɗaki mai tabarma huɗu da rabi, ko shida, ko takwas. Na zaɓi mai shida, ƙafa 9 da 12 ke nan, a wurina inci 9 da 12. Wannan lissafi ya zauna mini a rai. Ga mutanen da suke auna ɗaki da wurin da mutum zai miƙe ƙafa, ni kuwa shekara da shekaru in na shiga ɗakin amarya da tef, bangon da gado zai jingina nake fara aunawa.

Abu na biyu ba ya cikin bidiyo, hannu ne yake koyar da shi. Tsawo da faɗi suna raguwa da lissafi, jikin abu kuwa yana nan yadda Allah ya yi shi. Ƙwayar yashi mai milimita 2, in ka zuba ta a wannan gida, ta zama tsakuwa mai kusan inci guda. Furen atamfa mai inci 4 ya zama fure mai ƙafa 4, ya cinye rabin katifa. Maɗaci da loko, waɗanda nake taƙama da su a gadon amarya, jijiyarsu ta yi girma, dole na koma ga obeche, farin katakon nan mai laushi da muke rainawa muna ɓoye shi a bayan wadirob. Tabarmar kaba saƙarta ta yi gwaɓi, sai na naɗe zaren ɗinki mai ruwan ganye a jikin kwali, layi manne da layi, na bi gefe da siririn baƙin ƙyalle. Ƙofofin takarda, waɗanda ake turawa gefe a cikin kwarmi, da tsinken ashana na yi ragarsu, na manna takarda shara-shara irin ta masu zanen gini. Butar shayi ƙwayar carbi ce da ta tsinke, da hannun waya. Tukunya murfin bawul ɗin tayar keke ce. Sabon yadi ya ƙi kwanciya a kan 'yar katifa, yana tsaye ƙiƙam, sai tsohuwar shaddar da ta sha wanki ta yi laushi ita ce ta zauna.

Zarto da guduma suka koma gefe. Reza, hantsaki, samfefa mai laushi da tsinken sakace na ɗiga gam suka zama kayan aikina bayan magariba. Yaran shago in sun leƙo sai su ce, "Oga, yau ma gyaran agogo ake yi?" A babban aiki, in haɗi ya bar 'yar kafa, mukan cike da filla mu bi da folish, mai kaya ba zai taɓa gani ba. A nan kafar milimita 1 tana daidai da ta rabin inci, kuma babu inda za ta ɓuya. Tun daga lokacin idona ya daina yarda da filla ko a babban aiki, yaran ma sun san haka.

Lambun ya fi ɗakin jan hankalina. A birnin Kyoto akwai wani wurin ibada mai suna Ryoanji, lambunsa bai wuce kimanin mita 25 da mita 10 ba, ba bishiya, ba fure, ba ruwa. Duwatsu 15 ne a kan farar tsakuwa da ake ja wa layi da manjagara, da 'yar gansakuka a gindinsu, kuma an jera su ta yadda duk inda ka zauna a baranda ba za ka ga duka 15 a lokaci guda ba. Mutane suna tahowa daga ƙasashe don su zauna su kalli waɗannan duwatsu. Mu a Jos dutse ne ya kewaye mu, daga tsaunukan Shere har duwatsun Riyom da suka hau kan juna, mun saba da su har mun daina ganinsu. Da na fara neman duwatsu uku na ɗan lambuna sai na koma ina tsayawa a bakin hanya ina duban yadda dutse yake zama a ƙasa. Dutsen da aka ajiye a kan ƙasa daban yake da wanda ya tsiro daga cikinta. In kana so naka ya yi kama da na biyun, sai ka binne kusan kashi ɗaya cikin uku na jikinsa, ka bar gefen da rana da ruwa suka ci a sama. Ɓarɓashin dutsen kwari da ake zuba wa kankare bai yi ba, ƙwayoyinsa manya ne masu ƙyalli. Wani direba da yake bin hanyar Mangu ne ya kawo mini baƙaƙen duwatsu masu ƙananan huji daga wajen Kerang, inda tsofaffin duwatsu masu aman wuta suke, su ne suka zauna daidai.

Yashin da ya fi kyau a ido shi ne na bakin kududdufan da haƙar kuza ta bari wajen Rayfield da Bukuru da Barikin Ladi. Wani ɗan'uwana da ya karanci ilimin ma'adinai ya hana ni taɓa shi. Ya ce tarkacen wankin kuza yana ɗauke da ma'adinai irin su monazayit da zirkon masu fitar da radiyeshan, ba abin ajiyewa a ɗakin yara ba ne. Sai na koma ga ɓawon ƙwai, wanda ba a rasa shi a garin da gonakin kaji suka yi yawa. Aka wanke, aka shanya, aka daka, aka tankaɗe da rariya, ya fito fari tas, na ja masa layi da guntun matsefi. Bishiya kuwa wayar tagulla ce daga tsohuwar fanka, na murɗa ta na karkatar da ita gefe guda irin yadda iska take yi wa itacen da ya tsiro a kan tsauni, ganyenta soson katifa ne da aka kankare aka rina. Shinge tsinken tsintsiya ne ɗaure da baƙin zare. Gansakuka ta gaske muka ɗebo a gindin katanga cikin Agusta, yarinyar tana yayyafa mata ruwa kafin ta tafi makaranta. Da hunturu ya shigo ta bushe ta yi ja, muka bar ta haka har damina ta dawo aka ɗebo wata.

Da ɗaki ya tsaya, na zauna rubuta kayan da za a sa a ciki, yadda nake yi wa kowace amarya. Na duba hotunan irin waɗannan ɗakuna, takardar tawa ta ƙi cika. Ɗan gajeren tebur. Matasan zama a ƙasa. Wani ɗan lungu a bango da ake rataya rubutu ko zane guda ɗaya, a ajiye fure guda ɗaya, ana canza su in lokacin shekara ya canza. Sai ma'aji a cikin bango mai ƙofar turawa, inda ake naɗe katifa da bargo da safe. Da rana a ci abinci a ɗakin a karɓi baƙo, da dare a jingine tebur a shimfiɗa katifa.

Da farko na ɗauka Japanawa mutane ne marasa son tara kaya. Ashe ba haka ba ne. Kowace ranar 3 ga Maris suna yin bikin 'ya'ya mata da suke kira Hinamatsuri, inda ake jera 'yan tsana a kan matakala mai jan ƙyalle, wani lokaci har hawa bakwai. A hawayen ƙasa abin da ake jerawa shi ne ƙananan akwatunan tufafi, madubi, akwatin ɗinki, kaskon jin ɗumi da kayan shayi, kwaikwayon kayan da 'yar babban gida take tafiya da su gidan miji. Su ma suna da kayan ɗaki, suna kuma alfahari da su har suna ƙera ƙananansu su nuna wa yara. In biki ya wuce sai a mayar da komai cikin akwati. Kayan suna nan, wurin ajiyarsu daban, wurin zaman mutum daban.

Nan ne na ɗauki fensir na yi lissafin da ban taɓa yi ba. Ɗakin tabarma shida murabba'in ƙafa 108 ne. Ɗakin haya da aka fi kai amare a Gangare ko Anguwan Rogo ko Rikkos, in ya yi kyau, ƙafa 12 da 12 ne, wato 144. Gado mai 6 da 7 ya ɗauki 42. Wadirob 12, wurin buɗe ƙofofinsa wani 12. Madubi da kujerarsa kusan 10, durowoyin gefen gado 5, buɗewar ƙofar ɗaki 9. An tashi 90. Saura 54, su ma ba a dunƙule suke ba, lungu-lungu ne a tsakanin katako da katako. Mun sha cire ƙyauren ɗaki kafin wadirob ya shiga. Na sha komawa gyaran hinji in tarar baƙi sun jeru a bakin gado don babu wurin shimfiɗa tabarma, sallaya kuma a naɗe a kan madubi, sai an ja kujera an fitar waje kafin a shimfiɗa ta. Duk wannan da hannuna na ƙera shi, na kuma karɓi kuɗina.

Sai na yanka kwali na yi ɗaki mai inci 12 da 12, da ƙofa da taga. Na yanka guntayen obeche daidai girman gado, wadirob, madubi da kujeru. Na ƙara abu biyu da ba a saba sa su a lissafi ba: ɗan ƙyalle daidai sallaya, da ɗan kwali daidai tabarmar da mutum uku za su zauna. Yanzu in uwar amarya ta zo da jerin abin da take so, sai in tambayi girman ɗakin, in tura mata kwalin in ce, "Hajiya, bismillah, jera mu gani." Mafi yawa sukan fara da dariya. In aka zo kan sallaya, dariyar takan tsaya.

Wata Hajiya ce ta ba ni amsar da ta gyara mini tunani. Ta jera, ta ga bai shiga ba, ta ture kwalin ta ce, "Malam kafinta, kai namiji ne. Ran da dangin miji suka zo ganin ɗaki, ba fili za su ƙirga ba. Kuma kayan nan nata ne, ba na mijin ba. In zama ya yi daɗi, alhamdu lillahi. In bai yi ba, da su za ta fito. In ciwo ya kama ɗanta cikin dare, su za ta ɗaga ta sayar. Ka ce in rage mata?" Ban da abin cewa. Kayan ɗaki mutuncin yarinya ne a gidan da take baƙuwa, kuma ajiyarta ce. Wanda zai ce a daina su don ya ga hoton wani ɗaki a Japan bai san zaman gidan Bahaushe ba.

Maganarta ta mayar da ni ɗakin kakata. Ita ma tana da jere, kuma ba kaɗan ba: tasoshi, fanteka, kwalla, langa, an ɗora wani kan wani tun daga kusa da ƙasa har kusa da rufi, ana goge su suna ɗaukar ido. Ga alkuki a bango inda fitila take zama, ga gado a lungu guda. Amma tsakiyar ɗakin daɓe ne fayau, mu jikoki mukan baje a kai mu ci tuwo, da dare a shimfiɗa mana tabarma a wurin. Dukiyarta bango ta bi ta yi sama, ƙasa ta bar wa mutane.

Na ƙara ganin haka da na kai 'ya'yana gidan tarihin Jos, wanda Bernard Fagg ya kafa a 1952. A harabarsa akwai gidan tarihin gine-ginen gargajiya da wani masanin gini ɗan ƙasar Foland, Zbigniew Dmochowski, ya assasa a shekarun 1970, bayan ya yi shekaru yana auna gidajen gargajiya a sassan Nijeriya. An kwaikwayi ganuwar Kano a wurin, da masallacin Juma'a na Zariya wanda Babban Gwani Malam Mika'ilu ya gina a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu, cikin shekarun 1830. Ka shiga irin wannan gini ka ga inda magini ya zuba gwanintarsa: a bakan gizo, a jeren azara, a zanen bango. Dole ka ɗaga kai kafin ka ga ado. Inda ƙafa take takawa an bar shi a sarari. Irin kayan da nake ƙerawa, waɗanda muka kwaikwayo daga manyan gidaje masu ɗakuna da yawa muka cusa a ciki da falo, su ne suka sauko da ado ƙasa suka kori mai ɗakin.

Saboda haka ban ce wa kowa ya rage kaya ba, fasalinsu na canza. Wadirob yanzu ƙofar turawa nake yi masa, dabarar da na koya a kan tsinken ashana, wurin buɗe ƙofa ya dawo wa mai ɗaki. Ina kai shi har rufi, akwatunan lefe su hau can sama. Gado ina yi masa durowoyi a ƙasa, na gefe su tafi. Madubi a jikin ƙofar wadirob. Sho-gilas a rataye a bango, tangaran yana nan ana gani, ƙasansa mutum zai iya zama. Kuma da noti nake haɗa manyan kaya, ba da ƙusa da gam ba, don a iya kwancewa. Mu mutanen Jos mun san dalili. Bayan rikice-rikicen 2001 da 2008 da 2010, iyalai da yawa, Musulmi da Kirista, sun sauya unguwa, wasu cikin gaggawa, kuma ko lafiya lau ake ɗan haya ba ya daɗewa wuri ɗaya. Kayan da ba ya kwancewa, tashi na biyu yake karyewa, ajiyar da Hajiya take magana a kai ta zama itacen wuta.

Ba kowa ne yake karɓa ba. Akwai wadda za ta ce, "Kai dai yi mini irin na 'yar wance, har da ƙari." In ta dage ina yi mata, don ɗakin 'yarta ne, ni kuma ina da bakuna a gida. Akwai waɗanda suka ɗauki jerinsu suka tafi shagon gaba. Kuɗin saiti ɗaya ya ɗan ragu, tunda guda-guda ɗin sun ragu. Sai dai waɗanda suka karɓa su ne suke turo ƙannensu da maƙwabtansu, kuma iyaye maza, waɗanda bashin kayan ɗaki yake hana barci, sun fi kowa saurin gane kwalin nan.

Yanzu abin ya zo gida. An sa ranar babbar 'yata, ɗakin da za a kai ta kuma 12 da 12 ne a Nasarawa. Na kawo kwalin na ajiye a gaban uwargida bayan isha'i. Ta jera, ta rushe, ta sake jerawa. Ta yarda da ƙofar turawa, ta yarda da madubi a jikin wadirob, ta yarda sho-gilas ya hau bango. Da na kai hannu zan canza gado da ƙarami sai ta riƙe guntun katakon ta ce, "Malam, nan kam a'a. 'Yar kafinta guda, a ce gadonta bai kai shida da bakwai ba? Me za a ce da kai a Katako?" Na sake aunawa. Da gadon nata a ciki, sallaya ta shiga, tabarmar mutum uku ma ta shiga. Na ce to, gobe zan je in zaɓo maɗacin da kaina.